Gawayin Gangar Banda

Zuwa ga ɗiyata Suwaiba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya can Legas, ke da malamanki. Allah Ya ƙara basira. Mu nan Yelwa lafiya lau, tafki ya cika, injinan shinkafata ba su huta ba. Kakarki Inna tana Ngaski, ƙafarta ta yi sauƙi, sai dai har yau tana yamutsa fuska in ta kurɓi ruwan rijiyarta mai zartsi.

Sai maganar gwajinki. Kin ce za ki matse gawayin ɓuntun shinkafa ki yi faranti biyu, ki ba su 'yar wutar lantarki su tsotse gishirin ruwa. Sai ga shi wanda na aiko ya ƙara wa ruwan gishiri, har da maiƙo a sama, a gaban malamai. Ranar a waya na ce na'urarku ce ta lalace, don ni da na fara da turmi ɗaya na kai inji uku, ba a koya mini ƙona ɓuntu. To, na janye. Mamanki Halimatu ta tambaye ni inda na ƙona shi, na ce a gangar Basiru mai banda, don ta fi riƙe zafi. Ta yi dariya har ta zauna, ta ce shekara goma kifi mai gishiri yana ɗiga a gangar nan, shi ya sa kyanwarmu ta yini bisa buhun gawayin kafin in aiko.

Tunda sati uku suka ba ki ki sake, ban zauna ba. Na samo sabuwar ganga, na ƙona wani ɓuntun da kaina, na wanke gawayin da ruwan sama. Na ajiye buhun gaban kyanwar, ta shinshina, ta juya ta yi tafiyarta. Nan ma muna da namu ɗakin gwaji.

Direba Enoch zai kawo miki shi, da jarkar ruwan rijiyar Inna. Ta ce in kin cire zartsin, kada ki ba malamai duka, ki rage mata kofi ɗaya.

Ki gaida kawunki Zulkiflu da matarsa Tamada. Allah Ya ba da sa'a.

Babanki,
Wakili Mai Inji