Baƙin Salatif a Kan Fitilar Sitiyari

Litinin, 6 ga Oktoba

Baba ya dawo gida a ƙafa, bandeji a goshi, hular aiki a hannu. Shekara ashirin da biyu yana jan manajojin kamfanin nan, ko kaza bai taɓa takawa ba. Yau a shataletalen gaban asibiti motar ta ƙi juyawa, ta miƙe ta rungumi turken fitila. Manaja na zaune a baya, haƙorinsa ɗaya ya fita. Baba ya ce sitiyarin ne ya ƙage a hannunsa kamar an zuba masa siminti. Manaja ya ce gyangyaɗi ya yi. A tsakiyar titi, gaban kowa, ya ce tsoho ne, barci ya kwashe shi.

Mutumin da ko a gaban talabijin ba ya gyangyaɗi.

Talata, 7 ga Oktoba

Kwamitin kamfani zai zauna kan hatsarin ran Juma'a ta sama. In suka rubuta "barci" a takardar sallamarsa, babu mai sake miƙa masa makulli, ko na baro ne.

Mai Sifana, bakaniken kamfanin, ya ba da rahoto wai ya duba, sitiyari lafiya lau. Mai Sifana fa. Wanda yake shigowa gidanmu ya miƙe ƙafa, Umma ta zuba masa abinci har da ƙari, yana ce min "ɗana". Ashe cin amana muke ciyarwa.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Na samo littafin irin motar, na buga shi a shagon kwafin da nake aiki. Shafi ɗari huɗu, Turanci kamar tsakuwa, amma da ƙamus a gefe na tauna shi tsakanin masu kawo takardu. Ga abin da na gane: akwai ɗan injin lantarki a jikin sandar sitiyari, shi ke sa kan mota ya yi laushi. In ya fara lalacewa yakan ɗauke ba sallama, sitiyari ya koma dutse. Amma kafin nan akwai wata 'yar fitila mai hoton sitiyari a allon mita da take kunnawa ta yi gargaɗi.

Na tambayi Baba ko fitilar ta taɓa kunnawa. Ya ce in ci abincina.

Asabar, 11 ga Oktoba

Na je filin da aka ja motar aka ajiye. Maigadi ya san ni, ya ce in yi sauri. Gilashin allon mita ya tsage a karon, da farce na ɗaga shi. Daidai inda littafi ya nuna fitilar, ga ɗan baƙin salatif, ƙarami kamar ƙumba, an yanka shi da almakashi tsaf an manna. Ba aikin gaggawa ba ne. Wani ya zauna ya nutsu ya rufe wa mota baki.

Na ɗau hoto har shida. Biyu ne kawai suka fito.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Sai na ga bayan Mai Sifana a sana'ar nan.

Litinin, 13 ga Oktoba

Na rubuta takarda shafi guda, hoton salatif a sama, sunansa da manyan baƙaƙe a ƙasa. Na kira shi makashi, na goge, na sake mayarwa. Kwafi arba'in. Safiyar Juma'a zan manna su daga ƙofar garejinsa har ƙofar kamfani, ya zama duk wanda zai ba shi ko keke sai ya karanta tukuna.

Yaya ta gan su a jakata. Ta ce da ma ta san karatun da nake yi a bakin injin kwafi wata rana sai ya haifi jarida, ta tambaya ko akwai shafin wasanni. Ban yi dariya ba. Ta ce in nuna wa Baba kafin in nuna wa gari. Na ce Baba haƙuri ya yi masa yawa, shi ya sa kowa ke taka shi.

Talata, 14 ga Oktoba

Mai Sifana ya zo dubiya, da lemo a leda. Da ƙafarsa. Umma ta ce in ɗauko masa kujera, na ce kujerun gidan nan duk sun ƙage, sai an kira bakanike ya rubuta cewa lafiyarsu lau. Umma ta harare ni. Shi kuwa ya kalli ƙasa, ya ce, "Ɗana, ka yi min a hankali."

Na ce masa uba ɗaya gare ni, kuma an gama yi masa a hankali.

Sun daɗe a ɗakin Baba, ƙofa a rufe. Ban ji komai ba sai tari.

Laraba, 15 ga Oktoba

Da hantsi na nuna wa Baba hoton. Na zaci zai miƙe tsaye. Ya sa tabarau, ya daɗe yana kallo, ya miƙo min wayar.

"Ni na riƙe masa tocila ranar da ya manna."

Na ce ban ji ba. Ya maimaita.

Wata huɗu ke nan fitilar na kunnawa. Mai Sifana ya rubuta wa Manaja a canza sandar sitiyarin, sau biyu. Manaja ya ce in motar nan ta sake kwana a gareji sayar da ita zai yi ya koma motar haya, direba ya nemi inda dare ya yi masa. Kuma ba ya son ganin wata fitila tana masa ƙifce a gaba. To sai Baba ya roƙi abokinsa ya rufe ta. Ya ce yana ganin ƙarfin hannunsa zai iya da ita in ta ɗauke, ai motocin dā ma haka suka tuƙa su. A shataletale ya gane hannun ba na dā ba ne.

Rahoton ƙaryar kuwa, don kada a buɗe allon a kama su biyu ne. Mai Sifana ya zaci faɗa kawai za a yi wa Baba a wuce.

Na faɗa wa Baba maganganu. Ba zan rubuta su a nan ba. Yatsunsa kawai yake murzawa.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Kwafi arba'in a jaka, ban san sunan wa ya kamata a kai ba. In na manna, na manna Baba. Na tsani Manaja, na tsani Mai Sifana, na tsani wanda ya ƙera sandar nan yana can yana shan iska. Baba kuwa ban san inda zan ajiye shi ba.

Da yamma ya leƙo shago, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce in buga masa hoton. Guda ɗaya, ba rubutu.

Juma'a, 17 ga Oktoba

Ba a bar ni na shiga ba, a benci na zauna wajen ƙofa. Mai Sifana ya zo da wanki da guga, da ambulan a hammata, ya wuce ni bai ɗago ba. Daga baya na ji cewa Baba ne ya ajiye hoton a kan tebur da hannunsa, ya ce shi ya sa aka manna salatif ɗin. Mai Sifana ya janye rahotonsa, ya fito da takardunsa biyu na neman canjin sanda. A ƙasan ta biyun, da rubutun Manaja da sa hannunsa: "A lallaɓa."

Ta ƙofa na ji ɗakin ya yi tsit. Wannan shirun kaɗai na samu a cikin duk abin da na so.

An sallami Baba. An karɓe aikin kamfani daga hannun Mai Sifana. Manaja zai "amsa tambayoyi", wato zai sa sabon haƙori ya ci gaba da zama a baya. Amma takardar ta ce lalacewar sitiyari da ɓoye gargaɗi. Babu barci a ciki. Baba ya sa na karanta masa sau biyu a hanya.

Laraba, 22 ga Oktoba

Yaya ta yanka kwafin nan, tana rubuta awon ɗinki a bayansu. Ta ce takardar mai kyau ce.

Na bi ta garejin Mai Sifana, don hanya ce. Ya ciro sandar daga motar, aikinsa na ƙarshe ga kamfani, kwamiti na son ganinta. Ni ma ɗan injin nan nake son gani da idona, shi ke nan, ba don shi ba. Ban gaishe shi ba. Ya buɗe murfin, ya ce cikin da duhu, idonsa ba ya kaiwa.

Tocilar na kusa da ni. Minti goma kawai na riƙe masa.