Alkunyar Da Muka Yi Wa Ummi

Zuwa ga uwargidana Hajiya Bilkisu, Allah ya kai haske makwancinki.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin ni'imar Ubangiji. Na san wasiƙa ba ta isa inda kike, kuma na san masu leƙe a shafin nan za su karanta abin da ba su aka rubuta wa ba. Su leƙa. Tun kina raye ba ki taɓa hana maƙwabta jin zancenmu ta kan katanga ba.

Daga Kuala Lumpur nake rubuto miki, unguwar Taman Melati, gidan ɗanmu Nasiru. Na zo ne a cire min yanar ido in koma kafin azumi, sai korona ta rufe hanya. An cire yanar, yanzu ina gani tangaran, sai aka kulle abin ganin. Daga ɗaki sai falo, daga falo sai baranda, in zauna ina kallon jirgin ƙasan da ke bi ta sama yana wucewa fayau, ba kowa a ciki.

Ina tsoron cutar nan, ba zan ɓoye miki ba. Duk motar asibitin da ta yi jiniya sai na taɓa maƙogwarona in ji ko lafiya. Amma wani tsoron ne ya zaunar da ni rubutu yau. Zancen takwararki ne, jikarmu Ummi, 'yar Nasiru.

Kin tuna gudunta. Tana 'yar mitsitsiya za ki ɗora mata kwanon tuwo ta kai gidan Inna Talatu, kafin ki rufe tukunya ta dawo tana haki. Ke kike cewa, "Wannan ba aikenta ake yi ba, harba ta ake yi." To, gudun bai tsaya a lungunmu ba. Da suka zo ƙasar nan ta ci gaba da yi a sakandare, da hijabinta da dogon wandonta, ta yi ta cin tsere. Har wata kwaleji mai zaman kanta a wajejen Sentul ta ɗauke ta da sharaɗi: ta yi musu gudu a gasa, su koya mata ilimin haɗa magunguna kyauta. Yanzu ta wuce rabin karatun.

Ki riƙe wannan, don shi ne tushen zancen. In aka cire mata tallafin, karatun ya tsaya. Nasiru ɗalibi ne shi ma, alawus ɗinsa na gwamnati sai ya ga dama yake zuwa, ba shi da ƙarfin ɗaukar kwalejin kuɗi. Bizar zamanta kuwa a jikin karatun take rataye, tunda ta girme zama a inuwar takardar ubanta. Ke nan ranar da jirage suka fara tashi, ita ce gaba, da rabin ilimi a hannu.

Da annoba ta daɗe, kwalejin ta ce aljihunta ya huje, za a rage masu cin tallafin wasanni. Maza 'yan ƙwallon ƙafa aka bar su gaba ɗaya, wai ƙungiya ce, ba a gutsurarta. Hotonsu ne ma a allon tallar makarantar. Matan kuwa, aka ce za a duba su ɗaya bayan ɗaya, kowacce da iyayenta, wai saboda 'ya'ya mata sukan bar wasa a tsakiyar hanya in gida ya janye su. Ba wanda ya kira uban ɗan ƙwallo ya tambaye shi niyyarsa. A tatsuniyoyin da kakata ta raine mu da su ma haka yake, in yunwa ta shigo daji aka zauna rabo, zomo da gada ake kira su yi bayanin dalilin da ya sa suke da ciki.

Aka sa ranar zama ta kwamfuta. Nasiru ya sa kaftaninsa na Juma'a, ya zauna a falo, Ummi a gefensa. A cikin allon ga mutum uku daga kwamitin, sai kociyarsu, wata 'yar Malesiya mai kirki da Ummi ke kira Cikgu, wato malama. Ni ina kan darduma a bayansu ina jan carbi, rabin kaina ya shiga hoton.

Shugabar kwamitin ta tambayi Nasiru da Turanci, yaya yake ganin gudun 'yarsa, yana alfahari da ita?

Hajiya, ke kika haifi Nasiru, kin san abin da ya biyo baya. 'Yar fari ce. Kuma sunan da ke takardarsu, wanda matar ta yi ta maimaitawa, sunanki ne, sunan uwarsa. Ya sunkuyar da kai yana murza hula. Ya ce, to, yarinyar dai tana ɗan ƙoƙari. Aka sake tambayarsa. Ya ce ai wasa ne na yara, su karatun ne a gabansu. Har aka gama bai ambaci sunanta ba, bai ko juya ya dube ta ba. Da a zauren gidanmu ya yi wannan, da dattawa sun ce Allah ya yi wa yaron nan albarka, ya san alkunya. Na ga matar tana rubutu.

Sai ta hango ni. Ta yi murmushi ta ce Atuk fa, wato kaka, me zai ce game da jikarsa?

Me kaka ke cewa game da jika? Na ɗago na ce, "Wannan? Ai ko kunkuru mai ciwon ƙafa ya ba ta rata ya kamo ta. Ku sallamo min ita ta zo ta dama min fura." Na yi dariyata. Matar ta ce me Atuk ya ce? Shi kuwa ɗanki, da bai taɓa iya ƙarya ba ko don ya tsira daga bulala, ya fassara mata tsaf, har da furar.

Ba wanda ya yi dariya a cikin allon. Ummi ta tashi ta shiga ɗaki.

Washegari Cikgu ta kira Nasiru. Ta ce kwamitin ya rubuta cewa gida ba ya goyon baya, uba ko a jikinsa, kaka yana so ta koma kicin. Ta ce, "Me ya sa haka? Kai da kake tsayuwa a bayan shingen waya cikin rana duk ranar gasa, kana zato ban gan ka ba?" Ashe yana zuwa, Hajiya. Ya tsaya nesa inda Ummi ba za ta hango shi ba, ana gamawa ya sulale ya hau jirgi ya riga ta isowa gida, ta shigo da lambar yabo a wuya ya ce mata ta ajiye ta ɗauko masa ruwa.

A ranar na gane gurbin da kika bari. A gidanmu aikin a rabe yake. Uba ya yi shiru, kaka namiji ya yi tsiya, ke kuma ki yi yabon, ki yi shi da ƙarfi har a ji a bakin titi. Lokacin da kike nan babu wanda ya lura rabo ne. Da kika tafi sai ya rage shirun da tsiyar, su muka kwasa muka kai wa baƙi waɗanda ba su san akwai na ukun ba.

Kwanaki Ummi ba ta tanka mana. Gaisuwa dai tana yi, a durƙushe, ta tashi. Filayen wasa a rufe suke, don haka bayan sallar asuba sai ta hau matakalar benen nan da gudu, ta sauko, ta sake hawa. Ina jin takunta ta bango. Na riƙa kasa kunne kamar mai jinya yana sauraren numfashi, ina tsoron safiyar da zan ji shiru.

Wata rana na aike ta kedai ɗin mamak, wato shagon mai shayin da ke ƙasa, ta yo min tapau, wato ƙunshin shayi a leda, don dai in samu bakin magana. Da ta kawo na ce, amarya, har yanzu fushi ake da tsoho? Ta ajiye ledar ta ce, "Kaka, ni na san wasa kake. Na san Abba ma. Amma ni kaɗai na sani, kuma ba ni ce kwamiti ba." Na sha shayin ya huce a bakina.

Cikgu ta yi ta kai gwauro ta kai mari har aka yarda a sake duba zancen. Aka ce gida ya aiko da bidiyo, a faɗi matsayinsa a fili. Muka yi murna. Murnar ba ta kwana ba, don Cikgu ta ƙara da cewa gurbi ɗaya tak aka bar wa mata masu gudu, kuma su biyu suka rage: Ummi da wata 'yar Indiyawan Sentul, Kabita. Da ita suke atisaye tun shekarar farko. Na san ta, tana zuwa gidan nan kafin kulle, ta ci tuwon miyar kuka da cokali tana hawaye saboda yaji, tana cewa boleh, boleh, wato za ta iya, a ƙara. Ubanta direban tasi ne, annoba ta ajiye shi.

Kin ga inda aka kai mu. Yabon da muka hana 'yarmu, yanzu in muka yi shi da kyau, 'yar wani za mu tura rami.

Ni dai, Allah ya sani, na shirya yi. Na ce wa Nasiru kowa ya ja zaren da ke hannunsa, mu ba mu muka yanka gurbin ba. Sai Ummi ta zo ta zauna a gabanmu, ta ce sun yi magana da Kabita. Bidiyo ɗaya za su aika, gida biyu a ciki. Kuma za su tambayi kwamitin, cikin ladabi, me ya sa aka bar maza da ƙungiyarsu cif, har da masu zaman benci, su kuma aka ce su biyu su yi kokawa a kan kujera ɗaya.

Na ce ke yarinya, baƙuwa ce ke a ƙasar nan, mai neman alfarma ba ya tambayar mai gida yadda ya raba tuwonsa. Za su iya fusata su ce to ku duka ku tafi. Kabita in ta rasa, gidansu na nan a Sentul. Ke fa? Ta ce ta sani. Ta ce, "In na ci ta wannan hanyar, Kaka, duk ranar da na tsaya a bakin layi ita zan riƙa gani." Na dubi Nasiru don ya tsawatar mata. Maimakon haka sai ya ce a kawo waya a ɗauki bidiyon.

Jiya muka ɗauka. Ni na fara, da Hausa, Ummi ta gargaɗe ni ban da kunkuru. Na ce musu a garinmu wanda ka fi so shi kake wa tsiya, wanda ya fi tsaya maka a rai shi kake kasa kallo a gaban mutane. Na ce laifin namu ne da ba mu bar al'adar a bakin ƙofa ba, kada a ɗora wa mai gudu. Nasiru ya yi nasa da Turanci, gumi har ya jiƙa wuyan rigarsa, sau da yawa ana tsayawa ana sakewa. Uban Kabita ya turo nasa daga cikin tasinsa da ke ajiye. Yaran suka haɗa, suka sa tambayarsu a ƙarshe, suka aika.

Yanzu sai jira. An ce cikin mako mai zuwa kwamitin zai zauna. Ban san ko tambayar za ta buɗe musu ido ko za ta rufe mana ƙofa ba. Cikgu da kanta ta ce ba ta sani ba. Abinci ba ya min daɗi, Bilki. Ina da bakin hana ta, da na nace da ta bari, don har yanzu tana jin maganata. Ban nace ba. Ina ta tambayar kaina ko dattako na yi ko sakaci, in ya ɓaci kuma da wane ido zan dube ta a filin jirgi.

An ɗan sassauta dokar kulle, an yarda a motsa jiki a waje in za a ba da tazara. Yau da safe Kabita ta zo. Na leƙa ta baranda na gan su a titin da ke bin ƙarƙashin gadar jirgi, ɗaya a wannan gefen, ɗaya a wancan, faɗin titi a tsakaninsu, ƙafa na sauka tare. Na bi su da ido har suka sha kwana. Ba wadda ta yi ƙoƙarin wuce 'yar'uwarta.

Ya Allah, kai ka san abin da bakinmu ya kasa faɗa. Ka tausasa zukatan waɗanda za su zauna a kan zancen yaran nan. Kada ka kama Ummi da nauyin bakin ubanta ko sakin bakin kakanta. Kujera ɗaya suka ce akwai, mu biyu muke roƙo, kuma a wurinka ba abu ne mai wuya ba. Ka yaye mana wannan annoba, ka jiƙan waɗanda ta ɗauka. Ka gafarta wa Bilkisu, ka yalwata kabarinta, ka sada mu a inda babu tsoro. Amin.

Ki huta lafiya, Hajiya. Ni zan koma baranda in jira su dawo.

Naki har kullum,
Malam Sani
Taman Melati