Fitilu Uku a Fuskar Rabi

Daren Talata, Gumel

Darakta Sabo ya sake nuna halinsa yau. Muna ɗaukar Rabi, jarumar fim ɗinmu, a zauren wani gida a Sule Tankarkar, wurin da take kukan rasuwar mahaifinta a fim ɗin. Hasken hantsi na shigowa ta ƙofa, na sa aka riƙe farar shadda a gefe tana mayar mata da shi a kumatu. Baƙar fatarta ta fito sumul, har sheƙin hawaye ana gani.

Sai ga shi da tumbinsa. "Malam Habu, ai wannan duhu ne. Kunna fitilu uku, ka mayar mini da ita fara."

Na kunna. Fuska ta koma kamar faranti, ba hanci ba inuwa, sai gumi. Shi kuwa har da tafi. Mutumin da bai san bambancin haske da ƙuna ba!

Rabi ta leƙa kyamara, ta ce a hankali, "Yaya Habu, wace ce wannan?"

Da la'asar na ce ya cire sunana daga fim ɗin. Wai dama wa ke karanta sunan mai kyamara? To, gobe sai ya riƙe kyamarar da kansa.