A Buɗe Kwalin, A Ciro Mini Na'urar Jin Babana

Zuwa ga Manajan kamfanin da ke karɓo kayan da aka saya daga ƙasashen waje, reshen Sakkwato.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka, ina neman afuwa da na rubuto maka a bainar jama'a. Ba a koya mini ɗaga murya gaban babba ba. Sau biyu na zo ofishinku, sau biyun na tsaya gaban kanta bakina ya ƙi buɗewa. Takardar da na bari wajen mai gadi kuma ban san ko ta iso hannunka ba.

Sunana Rukayya, ina aji biyar na sakandare a Illela. Mahaifina dillalin albasa ne. Shekara biyu ke nan jinsa yana raguwa. Wanda bai san dillanci ba zai ce ai sai a ɗaga masa murya. To, ciniki ba a yin sa da ihu. Mai kaya yana raɗa wa dillali abin da zai bari, mai saye ma ya raɗa masa abin da zai iya, shi kuma ya haɗa su. Ba wanda yake so duk rumfa ta ji kuɗinsa. Manoman Araba da Garu da suka shekara suna sauke masa buhuna, yanzu gaishe shi kawai suke yi su wuce gaba. Wasu a kasuwa sun fara kiransa Malam Mi, saboda yawan cewa "mi?" da yake yi. Yana dariya idan ya lura, amma ya daina cin abinci da mutane.

Likita a Sakkwato ya ce na'urar da ake saƙalawa a kunne za ta taimake shi, sai dai kuɗin da aka faɗa mana ya fi ƙarfinmu. Malamarmu ta kimiyya ce ta nuna mini irinta a waya, wajen wani mai shago a ƙasar waje, a kan naira dubu arba'in da shida, kuma an rubuta cewa aikowa kyauta ne. Na sayar da tunkiyar da nake kiwo, mahaifiyata ta cika sauran.

Ga abin da ya biyo baya.

Na ɗaya: laifina. Ba zan ɓoye shi ba. A Illela ba wanda yake ɗaukar mota don kayansa shi kaɗai. In mutum zai sauko da kaya daga Ƙonni ta Nijar ko ya kai Sakkwato, sai ya yi cigiya a unguwa, kowa ya kawo nasa a haɗa, a raba kuɗin mota. Wanda ya tafi bai yi cigiya ba, marowaci ake kiransa. Da matan unguwarmu suka ji zan yi sayayya daga waje, maƙwabciyarmu Inna Tumba, mai ɗinki, ta ce in sa mata zare da zif da allurar keke. Wasu mata uku suka ƙara maɓallai da tabaran karatu. Nasu ya kama dubu sittin da ɗaya. Ni da kaina na rubuta wa mai shagon, da Turancin da nake alfahari da shi, na roƙe shi ya zuba komai a kwali ɗaya. Na ɗauka dabara na yi.

Na biyu: abin da aka nema. Bayan wata guda saƙo ya shigo wayar mahaifiyata cewa kwalin ya iso Sakkwato, a zo da naira dubu hamsin da tara da ɗari biyar. Dubu talatin da huɗu harajin shigo da kaya, dubu goma sha takwas da ɗari biyar kuɗin hidimarku, dubu bakwai kuɗin takarda. Na karanta saƙon har na haddace shi. Lokacin da nake biya ba inda aka nuna mini cewa akwai wani kuɗi a gaba. Wataƙila yana can cikin ƙananan rubutu ban gani ba. Amma ni da na ga "kyauta", na ɗauka har ƙofa ake nufi.

Na uku: zuwanmu na farko. Inna Tumba ce ta raka ni. Dubu ashirin muka riƙo, domin a wajenmu in an ce hamsin da tara, farkon magana ke nan. Ta gaida ma'aikacinku, ta tambayi iyalinsa, sannan ta ce, "To ɗana, an ji na baki. Mi ka bari tsakani da Allah?" Mutanen da ke layi suka yi dariya. Shi bai yi ba, bai kuma wulaƙanta mu ba, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya juyo mana da fuskar kwamfuta, ya ce abin da ta rubuta shi ne, ba a tayi a nan. Ya ce zif dozin goma da zare ƙunshi-ƙunshi ba kayan amfanin gida ba ne, don haka an lissafa kwalin gaba ɗaya a matsayin kayan ɗan kasuwa. Da na'urar ce ita kaɗai, in ji shi, da abin bai kai haka ba. A nan na gane abin da na yi. Har muka wuce Gwadabawa ban iya kallon Inna Tumba ba.

Na huɗu, kuma shi ne ya fi karya mini zuciya: kuɗin ajiya. Bayan kwana bakwai da isowar kwali, kowace rana ana ƙara dubu ɗaya da ɗari biyar. Muka koma gida muka shiga nema. Mahaifiyata ta sayar da tasoshin aurenta, matan suka kawo abin da suka iya, muka haɗa dubu hamsin da biyu cikin kwana goma sha biyu. Da muka dawo, kuɗin ya riga ya yi gaba ya bar mu. Yau kwalin ya kwana ashirin da uku a wajenku, abin da ake nema ya zama dubu tamanin da uku da ɗari biyar. La'adar da Baba yake samu a sati yanzu ba ta kai abin da kuke ƙarawa a kwana biyu ba. Ranka ya daɗe, na iya lissafi daidai gwargwado, na kuma buga shi ta kowace hanya. Ba ranar da za mu cim masa.

Na biyar: a zuwan na biyu Inna Tumba ta ce su matan sun yafe kayansu, a buɗe kwalin a ciro na'urar, mu biya nata kaɗai. Aka ce kwali ɗaya takarda ɗaya, ba a rabawa. Aka ce kuma ranar da ya cika kwana talatin za a mayar da shi, ko a yi gwanjonsa. Na rubuta wa mai shagon, ya amsa da cewa haraji ba ruwansa, kuɗi kuma ba ya dawowa.

Ban ce kada a biya haraji ba. A bakin iyaka aka haife ni, na san kaya ba sa shigowa ƙasa haka kawai. Abin da ban gane ba shi ne a ce kwali yana zaune a kan kanta, ba ya ci ba ya sha, amma kullum ya fi jiya tsada.

Baba bai san wannan duka ba. Na faɗa masa kaya suna hanya. Gaskiyar ba ta faɗuwa a hankali, sai na yi ihu, maƙwabta su ji ina gaya wa ubana cewa na salwantar da kuɗin gida.

Roƙona, ranka ya daɗe:

Ka ba da izini a buɗe kwalin a gaban wanda doka ta ce, a ciro na'urar, a yanka mata nata harajin mu biya. Sauran kayan masu su sun sa hannu cewa sun bari, takardar tana wajena.

In hakan ba zai yiwu ba, a tsayar da kuɗin ajiya inda yake, a ba mu wata guda.

A riƙa rubuta wa masu saye, da Hausa, tun kafin kaya su taso, abin da zai iya hawa kansu, musamman wanda ya haɗa kayan mutane da yawa. Akwai 'yan ajinmu biyu da suke shirin yin irin abin da na yi. Su dai na hana su, amma sauran mutanen garin ban san su ba.

Ba na sa ran wannan wasiƙa za ta riga kwana bakwai ɗin da suka rage. Saboda haka, in har gwanjon za a yi, don Allah a faɗa wa wanda ya saya cewa na'urar ta kunnen hagu ce, kuma sai an yi mata caji awa uku kafin a fara sa ta. Kada ya gwada ta a dama ya ce lalatacciya ce ya jefar. Ko ba Baba ba, wani ya ji da ita.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya albarkaci zuri'arka, ya bar maka jinka da ganinka har ƙarshen rayuwa.

Wassalam.

Rukayya,
Illela.