Bishiyar Surukina Ta Bushe, Ni Kuma Ga Ciki Wata Biyar

Ƙawayena, barkanmu da warhaka! Wasiƙar yau sai da na ajiye kofina na karanta ta sau biyu. Masu watsa ruwan girki duk inda hannu ya kai, ku matso kusa, da ku ake. Na canza sunaye, kada wata ta fara laluben maƙwabta.

Yaya Sook Yin, ki taimake ni, kaina ya kulle. Kwana tara ke nan ko shinkafa ba ta wuce min maƙogwaro.

Ina aure a garin Ipoh, gida ɗaya muke da iyayen mijina. Daidai saitin ƙofar gidan akwai bishiyar pomelo, wani irin babban lemo, da surukina ya dasa shekarar da aka haifi mijina, Wai Loon. Ganyenta ake tafasawa a yi wanka duk sabuwar shekara, da shi ma aka yi min wanka ranar da aka kawo ni. To bara ta fara zubar da ganye, yanzu ta bushe ƙayau. Wata biyu da suka wuce kuma ɓarin jikin Baba, surukin nawa, ya shanye.

Surukata ta kira Sifu Tham, mai duba feng shui, wato ko tsarin gida na jawo sa'a ko tsiya. Ya tsaya bakin ƙofa da faifan dubansa, ya girgiza kai, ya ce matacciyar bishiya a saitin ƙofa ba ta barin iska mai rai ta shiga gida, kuma kan dattijon gida abin yake fara sauka. Wai a sare ta, a tone har saiwa, kafin watan nan ya fita.

Ni kuma cikina wata biyar, bayan shekara huɗu ina jira da ɓari ɗaya. Da mamata ta ji, ta kira ni tana ihu, wai kowa ya san ba a sara ko haƙa a gidan mai ciki, ko ƙusa ba a bugawa, don ruhin da ke tsaron ɗan tayi yana zagaya gidan ne, in ƙarfe ya same shi a jikin jariri za a gani. Ta ce in aka kunna injin yanka a gidan nan, da kanta za ta zo ta kwashe min kaya. Surukata kuma sai dai ta kalli bishiyar, ta kalli cikina, ta shige ɗaki. Ƙanwar mijina ce ta rubuta a guruf ɗin gida wai ashe wanda bai zo duniya ba ya fi wanda ya gina gidan. Wai Loon ya koma daɗewa a wurin aiki.

Ga abin da ban faɗa wa kowa ba, Yaya. Ni na kashe bishiyar. Ina yin ƙwan agwagwa mai gishiri ina sayarwa ta waya, kuma kusan shekara guda a gindinta nake juye ruwan gishirin, don surukata ta hana zubawa a kwata. Na rantse na ɗauka ruwa duk ruwa ne. Sai da na ga wani bidiyo na gane. Yanzu in aka bar ta wani abu ya sami Baba, ni ce. In aka sare wani abu ya sami ɗana, ni ce. Kullum da hantsi ana tura Baba a kekensa a ajiye shi ƙarƙashinta, ya yi ta kallon rassan, ni ko ido ba na iya haɗawa da shi. Ya zan yi?

Wadda Ta Kasa Cin Abinci

Ƙanwata, wayyo, sannu. Tashi ki sha ko fate ne kafin ki ci gaba da karatu, wanda ke cikinki bai san wata bishiya ba.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne zaman Baba a ƙarƙashinta. Busasshen reshe, ga ruwa da iska irin na yanzu! Daga gobe a canza masa wurin shan hantsi, wannan ba sai an tambayi Sifu ba.

Gishiri ya kashe bishiya, na yarda. Amma bai shanye wa kowa jiki ba. Ki bi su asibiti ranar da za a koma da shi, ki tambayi likitansa da bakinki, ki ji tun yaushe jininsa yake hawa. Ke ma ki faɗa wa taki likitar cewa ba kya cin abinci.

Kada ki ga laifin iyayen nan biyu. Ɗaya tsoron rasa miji take, ɗaya tsoron rasa jika, kuma ba wadda za ta ja da baya don an ce mata camfi ne. Amma al'adar da ta hana ai ita ta ba da hanya. Da za a gyara banɗakinmu yayata na da ciki, gidan surukanta ta koma, kakarmu ta duba littafin ranakun sa'a ta zaɓi rana, aka share wurin da sabuwar tsintsiya kafin a taɓa komai. Ku yi haka. Ki tafi wurin mamarki sati guda, kuma a bar ta ita ta zaɓi ranar tare da Sifu Tham. In da hannunta a ciki, ihun zai ragu.

Maganar gishiri kuwa dole ki faɗa, don in an tone za su so dasa wata a ramin, ita ma ta mutu, gidan ya sake rikicewa. Ki fara da Wai Loon, ku biyu, ki kuma ce masa ya dawo gida da wuri, iyayensa ne. Za a yi fushi, ƙanwar nan tasa za ta yi rubutu, ki kashe sanarwar guruf ɗin kwana biyu.

Sannan duk wasiƙarki ban ji an tambayi mai bishiyar ba. Bakinsa ya yi nauyi, amma yana ji. Ki durƙusa gabansa da shayi a hannu biyu, ki ba shi haƙuri, ki nemi izininsa kafin a kawo inji. Ko kai ya gyaɗa, ya wadatar.

Ina miki fatan sauka lafiya, Baba kuma ya samu sauƙi. Ku kuma ƙawayena, wa aka taɓa yi wa gini ko sara a gida tana da ciki? Ku faɗa mata yadda kuka yi, tana nan tana karantawa.

Taku, Sook Yin