Kunyar Ɗan Fari

Federal Low-Cost, Gombe.

Hamma Bamanga,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, kai da iyali. Na rubuto ne saboda wayarka da ta ji muryata sai ta mutu, takarda kuwa ba a kashe ta.

Jiya na je gidanka na ga jikanka Mu'azzam, ɗan Yusra, wanda aka kawo wa matarka Adda Lami yaye. Hamma, wannan ba rigimar yaye ba ce, ba kuma haƙori ba ne. Yaro yana gudawa kamar an kunce famfo, duk abin da ya sha sai ya amayar. Idanunsa sun faɗa, leɓensa ya bushe, yana kuka babu hawaye. Na tambayi rabonsa da fitsari, Adda ta ce ita ba ta ƙirga fitsarin yara.

Maɗigarsa ta lotsa, an liƙa mata kwaɓaɓɓen garin magani. Rijiya ta ƙafe, ku kuna yaɓe bakinta! An kuma hana shi ruwa, wai ruwa ke ƙara gudawa. Na sayo garin gishiri da sukari a kemis, na haɗa da dafaffen ruwa, na ce a riƙa ba shi cokali-cokali, in ya amayar a ɗan dakata a sake. Ban kai zaure ba na ji an sheƙar da shi a magudana.

A kai shi asibiti yau. Kuma a gaya wa uwarsa gaskiya.

Na bar ka lafiya.
Ƙanwarka, Suwaibatu.

*

Jekadafari.

Suwaiba,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Takardarki ta iso, Allah ya bar zumunci.

Lami tana yaye yara tun kina makarantar kwana. Abin da kika gani a littafi, ita a cinyarta ta gan shi, ke kuwa Allah bai nufe ki da goyo ba. Yusra ta zo, ta gaishe mu, ta hangi yaron daga bakin ƙofa, ba ta ce uffan ba, kamar yadda aka tarbiyyantar da ita. Ɗan farinta ne. 'Yar Fulani ba ta ɗaukar ɗan fari a gaban iyayenta, ba ta kiran sunansa, balle ta tuhumi uwarta a kansa. Kada ki koya mata rashin kunya.

In abin ya wuce Juma'a, za mu duba.

Wassalam.
Yayanki, Bamanga.

*

Ɗakin yara, asibiti.

Yusra 'yata,

Assalamu alaikum, ya gida? Na kira ki har na gaji, ba abin da kike cewa sai “To, Goggo.” Ga takarda nan ta hannun mijinki, ki ce mata to in kin iya.

Na shiga gidanku na ɗauko yaron. Babanki ya biyo ni har titi yana cewa ba ni da kunya. Na ce gaskiyarka Hamma, shi ya sa nake iya kallon mutum in gane yana mutuwa.

An nemi jijiya a hannu an rasa, an nema a ƙafa an rasa. Sai da aka kankare maganin Adda aka samu a kai, aka sa masa ƙarin ruwa. Likita ta ce da tun farko an ba shi wancan ruwan da aka zubar, da yanzu yana rarrafe a tsakar gida. Ta ce ƙodarsa ta wahala, amma in ya yi fitsari akwai sa rai. Ni da na tsufa ina koyar da adabi, yau ba ni da addu'ar da ta wuce Allah ya sa yaro ya jiƙa mini zane.

Na gan ki ta taga jiya, mayafi har hanci, kina tambayar nas, “Yaya yaron nan?” kamar ɗan maƙwabta. Shi kuwa duk macen da ta gitta sai ya juya kai, ya ga ba ke ba ce, ya rufe ido. Kunya ado ce, na yarda, amma ba a yi wa mai ƙishirwa ado. Ki shigo ki ɗauke shi. Zagin da za a yi, a yi da ni, na saba.

Ina jiran ki.
Goggonki, Suwaibatu.

*

Goggo,

Assalamu alaikum. Allah ya saka miki da alheri, ya ba mu haƙuri.

Na zo, Goggo. Na tarar da Baba zaune a benci a bakin ƙofar ɗakin, na kasa gitta shi. Na tsaya bayan bishiya ina jira ya tashi salla. Da ya tashi, an riga an lulluɓe yaron da likkafani.

Masu ta'aziyya sai yabona suke yi, wai ban zubar da hawaye ba. Inna ta ce na fid da ita kunya.

Ba wanda zan iya tambaya sai ke: ya jiƙa miki zanen?

Mu'azzam. Ban taɓa faɗa da bakina ba, shi ne na ce bari in rubuta.

Na bar ki lafiya.
'Yarki, Yusra.