An Karɓe Mini Ƙwayata

Litinin, 3 ga Fabrairu
Yau Oga ya kira ni ofis. Aikin ƙwayar ciwon ɓarin kai, wadda za a ɗora a harshe ta narke ba sai da ruwa ba, ya miƙa shi ga ƙaramin abokin aikina, Mai Tabarau, wanda bara-bara ni na nuna masa yadda ake kunna injin matse ƙwaya. Wai ina yawan fashin aiki. To me ke hana ni zuwa in ba ciwon da nake haɗa wa magani ba? Na ce, “Na gode, ranka ya daɗe.” Godiyar me, oho.

Laraba, 5 ga Fabrairu
An mai da ni duba kwalaye. Ni da na kawo shawarar tun farko, don na san in ciwon ya taso ko kurɓin ruwa na haɗiya sai ya dawo.

Alhamis, 13 ga Fabrairu
Maigida ya ce in sa wa zuciyata ruwan sanyi, aiki aiki ne. Shi ma ciwon kai bai wuce na yunwa ba a wurinsa.

Talata, 18 ga Fabrairu
Ƙwayarsu na narkewa da sauri, amma tana farfashewa a fakiti tun kafin a ɓare. Na ji daɗi, Allah ya yafe mini. Mai Tabarau ya zo yana sosa ƙeya: “Yaya, ko za ki ɗan duba mana?” Na ce kwalaye sun yi mini yawa. Na san matsalar. Danshin ɗakin gwaji ne, ga shi sun rage sinadarin da ke riƙe garin maganin. Su nemo da kansu.

Juma’a, 21 ga Fabrairu
Ciwon ya kama ni a wurin aiki. Walƙiya a idon hagu, sai amai a banɗaki. Na lallaɓa ɗakin ajiya na kwanta a ƙasa. Wani ya shigo, ya kashe fitila, ya saki labule, ya fita a hankali. Injin ma na ji an tsayar. Da yamma na gane Mai Tabarau ne. “Haka muke yi wa Innata,” in ji shi. Ita ma kwana biyu takan yi a duhu, komai ta sha sai ta amayar. Ya ƙara da cewa bai nemi aikin ba. Amma ai bai ƙi karɓa ba.

Asabar, 22 ga Fabrairu
Kai kamar an daka.

Litinin, 24 ga Fabrairu
Na bi ta ɗakin gwaji, ɗaukar kofina kawai na je. A bakin ƙofa na ce wa Mai Tabarau ya auna danshin ɗakin, ya ƙara abin riƙe garin kaɗan. Ya buɗe baki zai yi godiya, na ce ya bari. Sunansa ne zai hau aikin, ban manta ba, kuma Oga ban yafe masa ba. Na dai tambayi Mai Tabarau jikin Inna.

Gobe da safe za su matse sabon gwaji. Ƙila in leƙa.